Sun ci ƙuri'a, sun bar gida: wane shiri aka yi wa masu neman gyara a cocin United Methodist?

A watan Fabrairun 2019, a birnin St. Louis na Amurka, wakilan cocin United Methodist daga sassan duniya suka jefa ƙuri'a kan maganar da ta kusa shekara hamsin tana ci wa ɗarikar tuwo a ƙwarya. Masu riƙe da tsohuwar koyarwa, waɗanda suka ce aure tsakanin namiji da mace ne, kuma ba za a naɗa mai zaman jinsi ɗaya a matsayin fasto ba, suka samu ƙuri'a 438. Ɗaya ɓangaren ya samu 384. Duk wanda ya ji wannan sakamako zai ɗauka magana ta mutu. Amma cikin shekara biyar, waɗanda suka ci ƙuri'ar su ne suka kwashe nasu ya nasu suka bar gidan, dokar da suka tsaya a kanta kuma aka share ta daga kundin ɗarikar. Kafin 2024 ta fita, an rasa rayuka a Munga Dosso, cikin ƙaramar hukumar Karim Lamido ta jihar Taraba, tsakanin mutanen da a da suke raira waƙa ɗaya da Hausa a majami'a ɗaya.

Ba ni da ja da koyarwar da shugabannin masu neman gyara, wato masu riƙe da tsohuwar koyarwa, suka kare. Abin da ke damuna shi ne irin shirin da aka yi musu. An horar da su sosai, an kashe kuɗi da shekaru a kansu, sai dai horon ya fi ƙarfi a gefe guda, ya bar wani gefen a buɗe, kuma ta wannan buɗaɗɗen gefen ɓarna ta shigo mana.

Ɗarikar ta samo sunanta na yanzu a 1968, lokacin da cocin Methodist ta haɗu da Evangelical United Brethren a birnin Dallas. Wannan haɗuwa ce ta sa muke da hannu a cikin labarin. Ikkilisiyar da ke yankin Muri ta fito ne daga aikin 'yan mishan na ɓangaren Evangelical, musamman C. W. Guinter, wanda ya iso ƙasar nan a 1906 ƙarƙashin Sudan United Mission, ya kuma buɗe tasha a Bambur a 1923. Daga baya ikkilisiyar Muri ta shiga United Methodist ɗungurungum, ta samu bishop ɗinta na farko, Done Peter Dabale, a 1992. Kada a rikita ta da Methodist Church Nigeria, wadda asalinta daga Ingila ne, ta shigo ta Badagry, kuma cin gashin kanta take yi. Ita United Methodist ta Najeriya reshe ce ta ɗarika guda mai Babban Taro guda, wanda ke zama duk bayan shekara huɗu, kuma shi kaɗai ke da ikon yin magana da sunan ɗarikar baki ɗaya. Fasto a Zing da fasto a Kalifoniya kundi ɗaya ke mulkinsu.

Tun kafin haɗuwar 1968, wasu fastoci a Amurka sun fara kukan cewa makarantun tauhidi da manyan ofisoshin ɗarikar sun yi nisa da bangaskiyar mutanen da ke zaune a benci. Wani fasto a jihar Illinois, Charles Keysor, ya rubuta maƙala a 1966 yana cewa masu riƙe da tsohuwar koyarwa tsiraru ne da aka rufe wa baki. Wasiƙun da suka biyo baya suka sa ya kafa mujallar Good News a 1967, wadda ta zama ƙungiya. A wancan lokaci ba maganar aure ce a gaba ba. Ikon Littafi Mai Tsarki ake jayayya a kai, da haihuwar Almasihu ta wurin budurwa, da tashinsa daga matattu, da abin da ake koya wa yara a makarantar Lahadi. Maganar jinsi ta shigo a 1972, sa'ad da Babban Taro ya rubuta cewa ɗabi'ar neman jinsi ɗaya ba ta jituwa da koyarwar Kirista, sannan a 1984 aka hana naɗa masu yin ta a fili.

Shirin farko da suka yi, wanda a ganina shi ne mafi hikima, na ilimi ne. Sun gane cewa wanda ya horar da fasto shi ya riƙe bagade na shekara arba'in masu zuwa. Makarantar Asbury da ke Wilmore a jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1923, ba ta cikin makarantu 13 na ɗarikar, amma ta yaye fastocin United Methodist masu ɗimbin yawa, kuma akasarin jagororin tafiyar gyara ta nan suka bi. Akwai kuma labarin da nake so ƙwarai. Wani mai wa'azin bishara daga Texas, Ed Robb, ya caccaki makarantun ɗarikar a bainar jama'a. Albert Outler, babban masanin rubuce-rubucen John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Methodist, ya fusata ya mayar masa da martani. Maimakon gaba ta ɗore, sai suka zauna, suka fahimci juna, suka kafa gidauniya a 1977 don ɗaukar nauyin matasa masu tsohuwar koyarwa su yi digirin digirgir a manyan jami'o'i, su dawo su koyar a makarantun ɗarikar. Wannan shuka ce irin ta dabino. Wanda ya dasa ba lallai ya ci ba, amma ta yi 'ya'ya: malamai da shugabannin makarantu da bishop-bishop sun fito daga cikinta.

Shiri na biyu na siyasar taro ne, kuma a nan suka ƙware har abokan hamayyarsu suka yi ta ƙorafi. Babban Taro majalisa ce sosai, da kwamitoci da ƙa'idojin muhawara da dubban ƙudurori. Wakilin da bai san yadda ake gabatar da gyara ga ƙuduri ba, ko yadda ake ceto ƙudurin da kwamiti ya kashe, zai zauna kwana goma yana kallo kawai. Ƙungiyoyin gyara suka riƙa koya wa mutanensu yadda ake tsayawa takarar wakilci tun daga taron shekara na yanki, suna rubuta ƙudurori, suna shirya karin kumallo kowace safiya a lokacin taro don bayyana abin da za a jefa wa ƙuri'a a ranar.

Sai kuma lissafi ya juya. Membobi na raguwa a Amurka, suna ƙaruwa a Kwango da Najeriya da Laberiya da Mozambik, ga Kodebuwa da ta shigo da jama'a mai yawa a 2004. Da yake yawan wakilai na bin yawan membobi da fastoci, kujerun Afirka suka yi ta ƙaruwa har suka kai kusan kashi 30 cikin 100 a 2019. Masu neman gyara a Amurka suka ga inda ƙarfinsu yake. Aka samu ƙungiyar Africa Initiative, wadda Jerry Kulah na Laberiya ya jagoranta, tana tara wakilan Afirka kafin Babban Taro don a bi ƙudurori ɗaya bayan ɗaya. A taron Fort Worth na 2008, gamayyar ƙungiyoyin gyara ta raba wa wakilan ƙasashen waje wayoyin salula kyauta, abin da ya jawo zargin sayen ƙuri'a. Wannan zargi yana ɓata mini rai, domin yana nufin ɗan Afirka ba shi da bangaskiyar kansa sai wadda aka saya masa. Dattijon da ya taso a Bambur ba ya buƙatar waya kafin ya san abin da ya gaskata game da aure. Duk da haka akwai abin dubawa a ciki. Horon da aka ba wakilanmu ya fi karkata ga ranar ƙuri'a. An koya musu yadda za su taimaka a ci zaɓe a Amurka fiye da yadda za su riƙe gida idan zaɓen ya tsaga ɗarikar.

To me ya sa cin ƙuri'a bai wadatar ba? Saboda rubuta doka daban, aiwatar da ita daban. A Amurka an raba ɗarikar shiyya biyar, kowace shiyya ita ke zaɓen bishop-bishop ɗinta, ita ke kuma sauraron ƙara a kansu. Babban Taro na iya hana abu, amma ba shi da hannun da zai kama bishop a shiyyar da ba ta yarda da hanin ba. An ga haka a shari'ar Frank Schaefer, faston Pennsylvania da ya ɗaura wa ɗansa aure da namiji: an tuɓe shi a ƙarshen 2013, aka mayar da shi a 2014. An ga wanda ya fi haka a Yulin 2016, lokacin da shiyyar yamma ta zaɓi Karen Oliveto, mai aure da mace, ta zama bishop. Kotun ƙolin ɗarikar ta ce a 2017 keɓewar ta saɓa doka, amma ta bar hukunci a hannun shiyyar da ta zaɓe ta, ita kuwa ta ci gaba da aikinta. Masu neman gyara sun mallaki zauren majalisa, amma bishop-bishop da manyan hukumomi da akasarin makarantu suna wani hannun. Shekara hamsin suna tara ƙuri'a, ba su tara masu zartarwa daidai da haka ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da ɗaya ɓangaren. Su ma ba wasa suke yi ba. Sun gaskata cewa dokar zalunci ce ga 'ya'yansu da membobinsu, kuma saɓa mata biyayya ce ga Allah. Idan ɓangarori biyu kowanne na ganin lamirinsa ne a kan layi, rinjayen ƙuri'a 54 ba zai sa ɗaya ya sunkuyar da kai ba.

Daga nan ne manufar shirin ta sauya, ko da ba a faɗa da ƙarfi ba da farko. Ƙungiyar Wesleyan Covenant Association, wadda aka ƙaddamar a Shikago a Oktoban 2016, ta fara da maganar riƙe ɗarikar a kan koyarwarta, amma ba da jimawa ba ta koma tsara sabuwar ɗarika: daftarin kundi, tsarin naɗa fastoci, fansho, har da lauyoyi. Keith Boyette da ya shugabance ta lauya ne kafin ya zama fasto, kuma hakan ya yi amfani, domin a wannan ɗarika ginin majami'a da filinta amana ce da ikkilisiya ke riƙe wa ɗarika. Ba a fita da su sai da izini.

Taron 2019 ya buɗe wata ƙofa, sakin layi na 2553, wanda ya ba ikkilisiya damar fita da dukiyarta idan kashi biyu cikin uku na membobin da suka halarci taro suka amince, ta biya kason ɗarika na shekara biyu da rabonta na bashin fansho, taron shekara kuma ya sa hannu. Da yawa sun ɗauka masu sassaucin ra'ayi ne za su bi ta wannan ƙofa. A Janairun 2020 aka sanar da wata yarjejeniyar rabuwa cikin lumana, wadda Bishop John Yambasu na Saliyo ya haɗa teburinta, lauya Kenneth Feinberg ya shiga tsakani, har da alkawarin dala miliyan 25 ga sabuwar ɗarikar masu tsohuwar koyarwa. Annobar korona ta hana Babban Taro zama, Yambasu ya rasu a haɗarin mota a Agustan shekarar, aka ɗage taron har sau uku, yarjejeniyar ta mutu a takarda. Ranar 1 ga Mayun 2022 aka ƙaddamar da sabuwar ɗarikar masu tsohuwar koyarwa, Global Methodist Church. Kafin ƙofar 2553 ta rufe a ƙarshen 2023, ikkilisiyoyi sama da 7,600 sun fita, wato kusan ɗaya cikin huɗu na Amurka.

A nan ne zuciyata ke sosuwa. An fassara wannan ƙofa da cewa ta Amurka ce kaɗai. Ikkilisiya a Texas tana da sakin layi da lauya da jadawalin biya. Ikkilisiya a Jalingo ba ta da ko ɗaya. Waɗanda aka yi shekaru ana tafiya tare da su suka fita da gine-ginensu, suka bar abokan tafiyarsu na Afirka a cikin zauren da rinjaye ya riga ya koma ɗaya gefen. Da Babban Taro ya zauna a Charlotte daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayun 2024, ga kujerun wakilan Afirka da dama babu kowa saboda matsalar biza da takardun gayyata, aka cire hanin 1984 da ƙuri'a 692 da 51, ba tare da muhawara ba. Washegari aka cire jimlar 1972. Aka kuma amince da tsarin yankuna, wanda zai ba kowane yanki na duniya damar tsara wasu dokokinsa, ciki har da na aure da naɗi.

Wannan tsarin yankuna shi ya raba kan masu tsohuwar koyarwa a Afirka, kuma duk wanda zai fahimci rikicin Taraba dole ya riƙe wannan. Ba rikici ba ne tsakanin masu son auren jinsi da masu ƙinsa. Waɗanda suka zauna a United Methodist a Najeriya sun sha faɗa cewa aure a wurinsu na namiji da mace ne, ga kuma dokar ƙasa ta 2014 da ta haramta auren jinsi. Hujjarsu ita ce tsarin yankuna ya ba su katanga, kuma ba za su bar gidan da iyayensu suka gina ba. Waɗanda suka fita suka ce ba a zama inuwa ɗaya da wanda ya sauya koyarwa, ko da an ja labule a tsakani, domin suna ɗaya ne, majalisar bishop-bishop ɗaya ce, asusu ɗaya ne. Kowace hujja tana da nauyinta. Tambaya ce ta tauhidi mai zurfi game da mene ne ikkilisiya da kuma iyakar zumunci, irin wadda ya kamata a ce an shekara goma ana nazarinta a makarantun tauhidi da tarukan fastoci da harshen da jama'a ke ji. Abin da ya isa ƙauyuka a maimakon haka shi ne gajerun saƙonni a WhatsApp da sunayen zagi.

Tun a Satumban 2022 alamar tsagewa ta bayyana, lokacin da akasarin bishop-bishop na Afirka suka fitar da sanarwa suna nesanta kansu da Africa Initiative da Wesleyan Covenant Association, Bishop John Wesley Yohanna na Najeriya kuma bai bi su ba. Kodebuwa ta jefa ƙuri'ar fita a ƙarshen Mayun 2024. A ƙarshen Yuli Yohanna ya sanar da komawarsa Global Methodist, yana cewa tarukan yankinsa sun amince, ɗaya ɓangaren ya ce ba a bi ƙa'ida ba. A Disamba, a taron Afirka ta Yamma da aka yi a Ghana, aka zaɓi Ande Emmanuel, wanda ya taɓa zama mataimaki a ofishin Yohanna, ya zama bishop na waɗanda suka zauna. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi abin Munga Dosso: an harbe wani matashi, yara biyu ƙanana suka mutu a gobarar da aka cinna wa gidaje. A Fabrairun 2025 aka sake arangama a makarantar tauhidi ta Banyam da ke Bambur, wurin da aka gina don horar da masu kiwon garke. Kowane ɓangare na nuna ɗan'uwansa da yatsa, maganar suna da rajista da kadarori kuma ta tafi kotu.

Wanda ya san yankin ya san wutar ba daga Charlotte kaɗai ta taso ba. Tun zaɓen bishop na 2012 akwai ɓangaren da bai gamsu ba, akwai ƙorafin ƙabila da na rabon muƙamai, akwai tsofaffin rigingimun gona da na dangi. Rigimar Amurka ta zo ta samu busasshiyar ciyawa. Wannan shi ne abin da horon da aka tsara daga waje ba zai iya gani ba. Wanda ke zaune a Houston yana ganin taswirar koyarwa, masu riƙo a nan, masu sassauci a can. Bai san cewa a wani gari layin da ya ja zai bi ta kan tsohuwar iyakar gona ba, ko ta tsakanin zuriya biyu da suka daɗe suna jiran dalili.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son taɓawa a taron coci. Kusan duk kuɗin asusun tarayya na ɗarikar daga Amurka yake zuwa, kuma daga nan ake biyan albashin bishop-bishop, ake tallafa wa asibitoci da makarantu irin su Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe. Shugaban da albashinsa da motarsa da kuɗin jirginsa ke fitowa daga aljihun wani, ko na masu zama ko na masu fita, da wuya jama'a su yarda cewa matsayinsa nasa ne, ko da kuwa nasa ne. Kowane ɓangare a Najeriya ya zargi ɗayan da bin dala. Da a ce cikin shekarun da aka yi ana koya wa wakilai dabarun zauren taro an ba da rabin wannan ƙarfi wajen koya wa ma'aji da sakatare da dattawa yadda baiko da zakka za su riƙe fasto da makaranta, yadda ake rubuta kadara da sunan da ba za a yi jayayya a kansa ba, yadda ake karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, da zargin bai samu wurin zama haka ba.

Akwai kuma tambayar wa ake kira shugaba. Tarukan horo sun fi tara bishop da shugabannin gunduma da wakilai masu Turanci da fasfo. Amma ranar da rigima ta tashi a ƙauye, ba su ne a ƙofar majami'a ba. Mai bishara ne a wurin, da shugabar zumuntar mata, da shugaban matasa, da dattijon da makulli ke hannunsa. Su ne za su ce wa samari su ajiye sanda ko su ɗauka. Mutum nawa cikinsu aka taɓa zaunar da shi aka karanta masa, da Hausa ko Mumuye ko harshen garinsa, ainihin abin da aka zartar a Charlotte da abin da ba a zartar ba? Mutum nawa aka koya wa yadda ikkilisiya ɗaya za ta rabu biyu a raba benci da ganguna da lokacin sujada ba tare da an kira 'yan sanda ba? Wesley da kansa bai gina tafiyarsa a kan manyan taruka ba. Ƙananan ƙungiyoyi ya kafa, na mutum kamar goma sha biyu, kowace da jagoranta wanda ba fasto ba, suna haɗuwa duk mako ana tambayar kowa lafiyar ransa. Global Methodist ta ce tana son farfaɗo da wannan tsari, kuma ta yi babban taronta na kafuwa a San José ta ƙasar Kosta Rika a Satumban 2024 da wannan buri. Zan so in ga ya sauka ƙasa a Karim Lamido kafin a ƙara wani taron a otal.

Sauran ikkilisiyoyin TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya) da ECWA da Anglika suna kallo, kuma bai kamata su ɗauka abin ya tsaya a gidan maƙwabci ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowace cikinsu tana da abokan hulɗa a Turai ko Amurka da ke sauya matsayi, tana da makarantar tauhidi, tana da kadarorin da takardunsu ba su cika ba, tana da ƙabilun da ke ƙirga wa ya samu kujera. Ɗaliban da ke makarantun tauhidi na Bukuru da Banyam da Kagoro a yau su ne za su riƙe makullan nan da shekara goma, kuma a jadawalin karatunsu akwai wurin da za a saka dokar coci da riƙon dukiya da sulhu kusa da Helenanci da wa'azi.